Ƙafar Hagun Kamilu

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Bakin nawa ne, hannun da yake rubutawa na wani ne. Abin da ya sa na yarda in yi magana, samarin unguwarmu na jiyo a ƙofar gida suna cewa wai ɗori ba wani abu ba ne, kara ne da tsumma da tofi, kowa ya samu ƙafa zai iya ɗaurewa. Ɗayansu har yana alfahari wai ya taɓa ɗora akuyar gidansu ta warke sarai. Na ji. Amma akuya ba ta ɓoye ciwo, kuma ba wanda yake jiran ta tafi Turai. Ku matso ku saurara. In kun ga na tsaya ina share ido, ku jira ni, zan ci gaba.

A Katagum aka haife ni, can aka kai ni aure gidan masu ɗori. Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, a hannun mahaifinsa ya gada. 'Ya'yanmu maza biyu da suka rayu duk suka ƙi sana'ar, ɗaya ya bi mota, ɗaya ya tafi kasuwanci Kano. Da Malam ya ga haka, wata rana ya ce mini, "To, ke za ki riƙe."

Na ce, "Ni, mace?"

Ya ce, "Wanda ya karye ba ya tambayar hannun waye."

Na daɗe ban taɓa karaya ba. Aikina tsaga karan dawa mai ƙwari, in kankare shi ya yi santsi, in jera in saƙa da zare kamar ƙaramin asabari. In narka man shanu, in ɗora ruwan gashi, in yayyaga tsofaffin zannuwa in wanke. Karan da bai bushe ba yana lanƙwasa, wanda ya bushe da yawa yana tsagewa ya soki mutum. Ɗaurin da ya yi sako-sako ƙashi zai goce, wanda ya matse jini zai tsaya, yatsu su yi sanyi, ƙafa ta mutu a cikin tsumma kana zaune kana murna. Malam yakan karɓo ƙashin ƙafar sa a wurin mahauta, ya karya shi, ya cusa a jakar fata cike da dusa, ya ɗaure bakin, ya miƙo mini ya ce in haɗa baki da baki ta waje. In na ce na gama, ya kwance ya duba, ya zazzage, ya ce in sake.

Mutum na farko da ya bar ni na taɓa wani Bafillatani ne daga wajen Gamawa, saniya ta take masa ƙwauri. Aka kawo shi a kan jaki, bakinsa a rufe, ko uhm bai ce ba. Malam ya ce, "Ina karayar take?" Na nuna inda ya fi kumbura. Ya ce, "Kumburi yana yaudara. Bi da yatsa a hankali, ki saurara." Na fara daga gwiwa ina gangarowa. Mutumin yana kallon rufin zaure kamar ba ƙafarsa ba. Sai da na wuce kumburin da kamar yatsu uku, ya ja iska ta tsakanin haƙora, babban yatsan ƙafarsa ya motsa. Malam ya ce, "Nan ne. Kin ji? Ko mai kunyar kuka, jikinsa zai faɗa miki."

Wannan ita ce sana'ar. Mu ba mu da hoton ƙashi irin na asibiti. Zafin da mutum yake ji shi yake nuna mana inda karaya take, shi yake gaya mana in mun ja ya isa, kuma shi yake ba mu izinin kwance ɗori. Ranar kwancewa za ka danna mahaɗar da babban yatsa, ka murɗa ƙafar kaɗan, ka sa mutum ya taka diddige. In ya ƙifta ido ko ya cije leɓe, ƙashi ɗanye ne, ka mayar da kara. In bai ji komai ba, ya kama. Haka kakan Malam ya yi, haka Malam ya yi, kuma ban taɓa jin hanyar ta ci amanar kowa ba.

Mun dawo Azare saboda aiki ya fi yawa a bakin titi. Malam ya rasu a shekarar da wayar hannu ta fara shigowa gari. Da na fita takaba mutane suka ci gaba da zuwa, don sun riga sun ga hannuna. Masu acaɓa, magina, yaran da suka faɗo daga mangwaro. Sai kuma 'yan ƙwallo, waɗanda suka yi yawa a lokacin, tun da aka buɗe gidajen kallo kowane yaro ya ga ana ba baƙar fata irinsa kuɗi a Turai. Su a garke suke zuwa, da warin zufa da surutu, yawanci targaɗe ne ko gocewar idon sawu.

"Iya, ki yi sauri, jibi muna da wasa da 'yan Gadau."

"Jibi kana da tabarma. Miƙo ƙafar, ja'iri."

Kamilu tun yana ƙarami aka fara kawo mini shi, da targaɗe a yatsa. Ubansa, Haruna mai faci, yana da rumfa a hanyar Gamawa. Shi ma Haruna an ce ya buga ƙwallo da ƙuruciya, mahaifinsa ya ƙona masa takalmi ya kai shi koyon faci. Da Allah ya ba shi ɗa bahago mai ƙafa kamar hannu, sai ya ɗora masa duk abin da aka hana shi. Ana idar da sallar asuba zai hau babur, yaron yana binsa da gudu har bayan gari. Ya rataye tsohuwar taya a jikin rumfa, sai ƙwallo ta bi ta tsakiya kafin a karya kumallo. Ƙwai da madara na Kamilu ne shi kaɗai, ƙannensa suna kallo. Ba ya zuwa gona, ba ya hawa keke, ba ya wasa da yaran layi, kada a taka masa ƙafa. Yaron yana son tantabaru, ya tara su a akurki a bayan ɗaki. Uban ya ce suna ɗauke masa hankali, ya kwashe ya kai kasuwa. Ɗan fari ne, uwarsa Hajara ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "yaron nan". Amma Haruna a bakin filin ƙwallo yake tsayawa yana ƙwala sunan har a jiyo shi a tasha. In yaron ya zubar da ƙwallo a gaban raga, ranar a ƙasa zai koma gida, kuma ba mai yi masa magana.

Duk da haka yaron bai rasa fara'a ba. In ya shigo zaurena sai ya ce, "Ina amaryata? Iya, in na je Turai haƙorin Makka zan sa miki, sama da ƙasa."

In ce, "Miji marowaci, fara sayo mini goro tukuna."

Karayarsa ta farko a wasa ne, yana saurayi gemu bai fito ba. Wani ya shigo masa da ƙafa biyu, ƙwaurin hagu ya karye. Karaya ce mai kyau, in akwai mai kyau: gida biyu, fata ba ta fashe ba. Ya yi ihu har maƙwabta suka leƙo, na ji daɗin ihun, don ya kai ni wurin kai tsaye. Maza biyu suka riƙe shi, na ja, na ji bakin ya shiga baki, na shafa mai, na jera kara na ɗaure. Ban taɓa ɗorin da ya zauna kamar wannan ba.

Haruna yana tsaye a kaina. Ya ce, "Iya, bayan babbar Sallah akwai mutanen da za su zo Bauchi ɗibar yara. Daga can sai Legas, daga Legas sai jirgi. An sa sunansa."

Na ce, "Haruna, ƙashi bai san Sallah ba. In ya kama zai faɗa."

"Ai ke za ki faɗa."

"Ni 'yar aike ce kawai."

Ya riƙa kawo shi a kai a kai in duba. Kullum in na danna, yaron ya zabura, in mayar da kara, uban ya fita yana tsaki. Ana saura kwanaki Sallah suka zo da hantsi. Kamilu ya shigo idonsa yana ƙyalli, bakinsa ba ya tsayawa, yana ba ni labarin gidan da zai gina mini mai bene. Na sassauta tsumma na danna mahaɗar. Shiru. Na ƙara ƙarfi. Yana dariya. Na murɗa ƙafar, na kalli idonsa, na kalli yatsun, ba abin da ya motsa. Na ce ya tashi ya taka. Ya taka, har ya buga diddigen a ƙasa, ya ce, "Iya, ko in yi miki rawa?"

Na yi mamaki, don a lissafina da saura. Amma na sha ganin yara masu jini a jika sun riga lissafi. Na yi bisimilla na kwance karan. Na ce ya yi tafiya da sanda, a riƙa gasa masa, ƙwallo kuwa ko da hannu kada ya taɓa sai damina ta wuce. Haruna ya durƙusa ya ce, "To, Iya. Allah ya saka."

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, da la'asar, motar haya ta tsaya a ƙofar gidana. Aka fito da Kamilu a kwance a kan kujerar baya da aka cire. Wani abokin wasansa da suka je Bauchi tare shi ya ba ni labari. Ya ce ba wanda ya taɓa Kamilu. Ya juya ne zai buga, aka ji ƙara kamar an karya rake. Ya faɗi, ya tashi, ya ci gaba da bin ƙwallo, ƙafar tana lilo a ƙasan gwiwa, shi bai sani ba. Sai da alƙalin wasa ya rungume shi ya kayar.

Na ce, "Bai sani ba kamar yaya? Mutum ya karye bai sani ba?"

Abokin ya sunkuyar da kai.

Da na buɗe ƙafar na ga aiki. Tsohuwar mahaɗar ce ta ɓalle, gudun da ya yi a kanta ya sa bakin ƙashin ya farfashe, ɗaya ya hau kan ɗaya. A lokacin Kamilu yana jin komai. Ina taɓawa ya kurma ihu, ya damƙe rigar ubansa yana cewa, "Baba, ba ni! Don Allah ba ni irin na ranar nan!"

Na ɗauke hannuna. Na ce, "Irin na wace rana?"

Na juya wurin uban.

"Haruna, da kai nake. Me ka ba shi ranar da na kwance ɗorin nan?"

Ya ce, "Iya, maganin ciwon jiki ne kawai. Tiramol. Masu dako da 'yan acaɓa duk suna sha. Biyu na ba shi da shayi."

"Kafin ku zo wurina?"

"To, ai kullum kina cewa da saura. Su kuma mutanen ba za su jira ba."

Na zauna a ƙasa. Na ga abubuwa a sana'ar nan: na ga wanda mota ta bi ta kansa, na ga jaririn da aka take a kasuwa. Amma uba ya toshe bakin ƙafar ɗansa don ta yi mini ƙarya, wannan ko a labari Malam bai taɓa ba ni ba. Kuma bai faɗa da kunya ba. Kamar wanda ya yi dabara ya faɗa.

Na ɗora, don ba a barin mutum a haka. Na ja iyakar ƙarfina da na maza uku, amma bakin da ya farfashe ba ya komawa yadda yake. Tun a ranar na gaya musu za ta kama, amma ba za ta miƙe ba.

Shekarar nan ita ce muguwar shekarata. Haruna ya zauna a rumfarsa, duk wanda ya kawo taya sai ya gaya masa tsohuwa ta kwance ɗori ɗanye ta kashe masa ɗa, wai hannun mace ba kamar na marigayi ba. Wanda ya zo ya tambaye ni na gaya masa gaskiya, amma a lokacin yawancin mutane ba su san ƙarfin ƙwayar nan ba, sai su ce wane irin magani ne zai hana karyayye kuka. Zaurena ya yi shiru. Karan da na tsaga ya bushe har gara ta ci. Na koma soya ƙuli-ƙuli ina aikawa tasha. Sai da aka kawo mini wata yarinya da ta faɗa rijiya, hannunta ya warke har tana daka, sannan aka fara dawowa ɗaya-ɗaya.

Tun daga nan na canja aiki. Saurayi in ya zo, ba na taɓa shi sai ya wuni a zaurena ina kallonsa, na duba ƙwayar idonsa, na ji yadda yake magana. Ku kuna cewa Iya ta tsufa ta yi nawa. Ba nawa ba ce. Jira nake jikinsa ya dawo hannunsa.

Ƙafar Kamilu ta kama, ta gajarta da kamar yatsu biyu, tafin ya karkace waje. Na ɗauka Haruna zai haƙura. Sai ya yanko robar taya, ya manna a ƙasan takalmin hagu don tsawon ya daidaita, ya sake ta da babur da asuba. Mutum ba ya gudu a kan ƙafa irin wannan sai da taimako, kuma taimakon yana aljihun uban. Daga biyu aka koma huɗu, daga nan yaron ya gano inda ake sayarwa da kansa. Aka mayar da shi fili, yaran da a da suke kallonsa da baki buɗe suka riƙa wuce shi suna kwaikwayon ɗingishinsa. Mai horar da su ya kira Haruna gefe ya ce ya bar yaron ya huta. Daga ranar Haruna ya daina ta da babur. Ya daina kiran sunan. Kwanon ƙwai ya koma gaban ƙanen Kamilu.

Bayan katangar filin akwai wata inuwar dalbejiya. In na bi ta nan zuwa kasuwa nakan ga samari a zube, da kwalaben maganin tari a gefensu. Yawancinsu na san ƙafafunsu kafin in san fuskokinsu. Akwai mai tsaron raga da ubansa ya sayar da gona ya ba wani ɗan damfara don a kai shi waje. Akwai wanda gwiwarsa ta tafi aka ce ya daure. Kamilu yana cikinsu, ya rame, leɓensa ya yi baƙi, wandon ƙwallo har yanzu a jikinsa. In ya hango ni sai ya juya baya. Hajara ta zo mini sau da yawa da mayafi a fuska, ta ce yaron nan ya sayar da tukunyarta, yaron nan ya faɗi a masallaci yana kakkafewa, ko ina da wani abu da zan ba shi. Na ce ni ƙashi na sani.

An yi shekaru a haka. Wata safiya ya yi sallama a zaurena shi kaɗai. Ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, har da goro a hannu.

"Amaryata, ga goronki. Na makara."

Na karɓa ina kuka, yana dariya. Ya zauna ya miƙe ƙafar a gabana ya ce, "Iya, an ce ku masu ɗori in ƙashi ya kama a karkace kuna sake karya shi ku gyara."

Na ce, "Ana yi, in ɗorin sabo ne ƙashi bai yi tauri ba. Naka ya tsufa, ya zama dutse. Kuma guntayen da suka tafi sun tafi."

"Ki gwada. Ba zan yi kuka ba."

"Shi ne abin da nake tsoro."

Ya riƙa shafa ƙwaurin. Can ya ce, "Jiya na wuce ta rumfa, Baba bai gan ni ba. Na ji yana gaya wa wani direba, da ƙafar nan ta miƙe da yanzu muna Turai. Muna, ya ce, Iya. Bai cire ni ba."

Na ce, "Kamilu, ka bar ƙafar nan. Tana kai ka masallaci, tana kai ka kasuwa. Ka zo in haɗa ka da ɗana a Kano ka koyi ciniki. Abin da ya kamata a cire daga jikinka ba a ƙafa yake ba."

Ya ce, "In da sabuwar karaya ce za ki ɗora?"

Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Allah ya kiyaye."

Ya tashi ya yi mini sallama da ladabi.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, maza duk suna masallaci, gari ya yi tsit, na ji ana dukan ƙofar zaure. 'Yan ga-ruwa biyu ne suka turo shi a kurar ruwa, sun sauke jarkoki sun ɗora shi. Suka ce a rumfar faci suka tsince shi. Ya jira ubansa ya tafi sallah, ya ɗora ƙafar a kan ƙarfen taya, ya ɗauki babbar gudumar da ake fasa tayar tirela da ita. Ɗayansu ya ce daga nesa ya ɗauka aiki ake yi, don bugun ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Ya sha abin da ya sha, bai ji sanda ta karye ba, sai ya yi ta bugawa.

Ya ɗago kai daga cikin kurar, yana murmushi, harshensa ya yi nauyi. Ya ce, "Iya, na karya miki. Saura ɗori. Wannan karon ki miƙar da ita sosai."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku dakata mini kaɗan.

Na sa hannu don dai in cika aiki. Abin da na ji a ƙarƙashin fata kamar tsakuwa a cikin jaka. Naman ya fashe, tafin ya yi sanyi. Babu baki biyu da za a haɗa. Na ɗaure sama da gwiwa don jinin ya tsaya, na ce a nemo mota, asibiti za a kai shi. Matan da suka taru suka ce, "Iya, asibiti yankewa suke yi." Na ce na sani. Na ɗauki mayafina na shiga motar. Tunda nake ban taɓa bin majinyaci asibiti ba sai ranar.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu kwanaki, ƙafar ta yi baƙi ta fara wari. Aka nemi uba ya ba da izini, Haruna ya zo ya dangwala hannu a ofis ya fito. Ni da Hajara muna zaune a baranda da fulas ɗin kunu. Shi yana can gindin bishiya, nesa da mu, hularsa a hannu.

Kun san ba a zubar da gaɓar Musulmi, binne ta ake yi. Bayan an gama, wani ma'aikaci ya fito da abu a naɗe cikin farin ƙyalle, ya ce ina dangin Kamilu. Ƙanen Haruna ya miƙe zai karɓa. Haruna ya ture shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya rungume a ƙirji, ya zauna daɓas a ƙasa a gaban jama'a ya fashe da kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba. Yana jijjiga ta yana cewa, "Hagu irin wannan ba a taɓa yin ta a ƙasar Katagum ba. Ni na yi ta. Da hannuna na yi ta." Mutane suka kewaye shi suna ba shi haƙuri, wani har da cewa Allah ya jiƙan rai, don ya ɗauka gawar jariri ce.

Ma'aikacin ya ce, "Malam, yaron ya farfaɗo, za ka iya shiga."

Haruna ya miƙe da ƙyallen a ƙirji. Na ɗauka ɗakin zai nufa. Sai ya bi ta gabanmu, ya wuce ƙofar ɗakin a buɗe ko waiwaye bai yi ba, ya hau bayan babur ɗin ƙanensa suka nufi maƙabarta.

Hajara ta kasa tashi. Ni na ɗauki fulas na shiga. Kamilu yana kwance, bargon ya faɗa a inda ƙafar take. Idonsa biyu, tas, irin na yaron da na fara sani, zufa tana karyo masa. Na zuba kunu na tallafo kansa. Bai sha ba. Yana ta leƙen ƙofa ta bayan kafaɗata.

Ya ce, "Iya, kamar muryar Baba na ji yana kuka."

Na ce, "Shi ne."

Fuskarsa ta washe. Ya yunƙura ya gyara kwanciya, ya goge bakinsa da bayan hannu, ya ja bargon ya rufe wurin da kyau.

Ya ce, "To, matsa masa kujerar kusa. Yanzu zai shigo."

Na matsa kujerar.